Abin da Ya Sa Magidanta a Biranen Sin Suke Ƙulle Kuɗi

'Yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou sarin kaya sukan dawo da labarin dogayen benaye da manyan kantuna. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda magidancin birni a ƙasar Sin yake riƙe bakin aljihunsa.

Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ce a 2023, in an raba daidai, mutumin birni ya samu yuwan 51,821, ya kashe 32,994. Watau sama da sulusin abin da ya samu ajiye shi ya yi.

Wannan ba rowa ba ce, tsoron gobe ne. A da, masana'antar gwamnati ita ke bai wa ma'aikaci ɗaki da magani da fansho, aiki kuwa sai tsufa. Suna kiran wannan “kwanon shinkafa na ƙarfe”, don ba ya fashewa. To, ya fashe. A ƙarshen shekarun 1990 aka sallami miliyoyin ma'aikata, a 1998 kuma aka daina rabon gidaje, kowa ya nemi nasa da kuɗinsa.

Ga kuma dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda ta yi aiki daga 1980 zuwa 2015. Tsofaffi huɗu na iya zuba wa ma'aurata biyu ido, don haka dole kowa ya yi wa tsufansa guzuri. Saurayi kuwa in ba shi da gida, da wuya iyayen yarinya su saurare shi, har iyayensa kan zazzage ajiyarsu su biya masa kuɗin kafin alƙalami.

'Yan ci-rani, su kusan miliyan 300, sun fi kowa matse hannu. Rajistarsu ta ƙauye ce, ba kasafai suke samun makaranta da asibitin birni kamar 'yan gari ba.

Amma ajiyar ma ta zo da nata ciwon. Yawancin dukiyar iyalai a gidaje aka zuba ta. Da babban kamfanin gine-gine na Evergrande ya kasa biyan bashi a 2021, farashin gidaje ya yi ta faɗuwa, wasu ma sun biya kuɗin gidan da ba a gama ba.

Jama'a, da ruwan ciki akan ja na rijiya. Wanda ya baro gida neman abinci ya yi ajiya, amma ya duba da kyau inda zai ajiye. Allah Ya sa mu dace.