Daga Kaset ɗin Abijan Zuwa La Confusion: Yadda Jitar Amadou Ta Zauna Lafiya Da Kiɗan Inji

Daga wakilinmu a Abijan

Duk wanda ya san birnin Abijan na ƙasar Kwaddibuwa ya san tashar jiragen ruwa ta Treichville, wadda mutanen gari ke kira Gare lagunaire. Tana bakin tafkin Ebrié ne, ba nisa da gadar Houphouët-Boigny, kuma daga nan ne ma'aikata da 'yan makaranta da 'yan kasuwa ke shiga jirgin da ake ce wa bato-bis su tsallaka zuwa Plateau ko Abobo-Doumé, domin guje wa cunkoson motoci a kan gada. Kamfanin SOTRA ne ya fara wannan sufuri a 1980, kafin kamfanonin STL da CITRANS su shigo cikin harkar a 2017.

Mai jiran jirgi a wannan tasha ba ya rasa abin saurare, domin kuwa kiɗa na tashi daga wayoyin matasa ta kowace kusurwa. Sai dai idan mutum ya kasa kunne da kyau, zai ji cewa kusan duk abin da ke tashi na'ura ce ta buga shi, ko coupé-décalé ne, ko rap na 'yan Abijan, ko kiɗan Legas. Alhali shekaru arba'in da suka wuce, wannan unguwa ta Treichville cike take da gidajen rawa inda makaɗa ke kwana suna kaɗa jita da ganga da busa ƙaho da hannunsu da bakinsu. Mu da muke aikin rediyo a cikin al'umma mun sha jin dattawa na tambaya, shin ina makomar mai kiɗa da hannu a zamanin kwamfuta? A ganinmu, wasu makafi biyu 'yan ƙasar Mali, miji da mata, waɗanda suka fara buga kaset ɗinsu a wannan birni, sun ba da amsa mai kyau a kundin waƙoƙinsu mai suna La Confusion da ya fito a 2017.

Abijan, masaukin baƙi

Tun asali Treichville unguwar baƙi ce. Bayan buɗe tashar manyan jiragen ruwa ta Abijan a 1951, mutane sun yi ta kwararowa daga Nijar da Mali da Gini da Burkina Faso da Nijeriya domin neman na kai. A nan ne Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa mai suna Moi, un noir na 1958, a kan rayuwar 'yan ci-rani daga Nijar, wanda marigayi Oumarou Ganda ya ja ragamarsa. Har gobe Hausawa da Zabarmawa na da yawa a Treichville da Adjamé, kuma abincin nan na atceke da soyayyen kifi da kowa ke ci a Abijan, garba ake ce masa, sunan da ake dangantawa da 'yan Nijar masu sayar da shi.

Yadda 'yan dako da 'yan tireda suka zo, haka makaɗa ma suka zo. A 1978 Salif Keita da Kanté Manfila suka baro Bamako da ƙungiyarsu ta Les Ambassadeurs, kuma a Abijan suka ɗauki shahararriyar waƙar nan ta Mandjou. Dalili shi ne, a lokacin nan ne ake da situdiyo da injinan buga faifai da kaset, ga kuma 'yan kasuwar da za su zuba kuɗi. Kaset ɗin da aka buga a nan yakan bi ta hannun dillalan Adjamé ya shiga mota ko jirgin ƙasa, ya isa Wagadugu da Bamako da Yamai.

Wannan ne ya jawo Amadou Bagayoko da matarsa Mariam Doumbia zuwa Abijan a 1986. An haifi Amadou a Bamako a 1954, kuma yanar ido ce ta raba shi da gani yana saurayi, ita kuwa Mariam da aka haifa a 1958, cutar ƙyanda ce ta makantar da ita tana 'yar shekara biyar. Sun haɗu ne a makarantar matasa makafi ta Bamako a tsakiyar shekarun 1970, suka yi aure a 1980. Kafin nan Amadou ya riga ya goge a kaɗa jita cikin ƙungiyar Les Ambassadeurs ta Motel ɗin Bamako, inda dole makaɗi ya iya kiɗan Kuba da na Turawa da na gida, tunda baƙin otal kowa da abin da yake so a kaɗa masa.

A Abijan suka gamu da wani mai shirya kaset ɗan Nijeriya da ake kira Maikano, suna ne da ba sai an yi wa Bahaushe bayani a kansa ba. Shi ne ya fitar da kaset ɗinsu na farko a ƙarshen shekarun 1980, da sunan ma'auratan makafi na Mali. Waɗannan waƙoƙi na farko ba su da wani tarkace, murya biyu ce da jita. Amma ko a nan mai sauraro zai ji abu biyu a hannun Amadou: salon ngoni, wato ɗan'uwan molonmu a ƙasar Bambara, da kuma salon makaɗan Ingila da Amurka irin su Jimi Hendrix da Pink Floyd, waɗanda ya taso yana saurare. Ke nan gaurayar da ake magana a kanta yau, tun daga tushe take.

Daga Faransa zuwa duniya

Kundin Sou ni tilé na 1998, mai ɗauke da waƙar Je pense à toi, shi ya buɗe musu ƙofa a Faransa. Sai kuma Dimanche à Bamako na 2004, wanda Manu Chao ya shirya, ya kai su ko'ina, har ya samo musu kyautar Victoires de la musique a 2005. A 2006 suna cikin waɗanda suka rera waƙar gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya a Jamus, tare da Herbert Grönemeyer.

Da wani ne, da sai ya ce ya samu hanya, ya yi ta maimaita abu ɗaya har tsufa. Su kuwa ba su yi haka ba. A 2008 suka buɗe kundin Welcome to Mali da waƙar Sabali, wato haƙuri a harshen Bambara, wadda Damon Albarn na Ingila ya shirya. A wannan waƙa kusan babu abin da ake ji sai muryar Mariam a kan sautin fiyano na lantarki, abin da ya ba tsofaffin masoyansu mamaki ƙwarai. Kundin Folila na 2012 kuwa sau biyu aka ɗauke shi, sau ɗaya a birnin New York tare da makaɗan rock na can, sau ɗaya a Bamako da kayan kiɗan gargajiya, daga baya aka haɗe ɗaukar biyu a Faris ta zama abu guda.

Me ke cikin La Confusion?

Lokacin da La Confusion ya fito a watan Satumba na 2017 daga kamfanin Because Music, Amadou ya haura shekara sittin, Mariam na dab da cikawa. Wanda suka ba aikin shirya kiɗan shi ne Adrien Durand, wani matashin Bafaranshe jagoran ƙungiyar Bon Voyage Organisation, wanda aka sani da son kiɗan disko na shekarun 1970 da 1980. Saboda haka tun daga waƙar farko, Bofou Safou, mai sauraro zai ji bugu mai nauyi wanda ba ya sauya taki, da sautin fiyano mai kauri a ƙasa, irin wanda ake sa wa a gidan rawa. Sai dai kuma a kan wannan shimfiɗa ce jitar Amadou ke shiga tana fita, wani lokaci tana amsa wa Mariam kamar 'yar amshi, wani lokaci ta ɓalle ta yi nata zancen.

A nan ne hikimar take. Inji ba ya gajiya, ba ya kuskure, amma kuma ba ya jin abin da mawaƙi ke ji, abin da aka ɗora masa shi zai yi ta maimaitawa. Shi kuwa ɗan Adam yakan ja baya kaɗan, ya yi gaba kaɗan, ya danne tsirkiya ta yi kuka. A wannan kundi an bar wa inji aikin riƙe taki, an bar wa hannu aikin magana. Kowa ya tsaya a matsayinsa, shi ya sa aka zauna lafiya.

Bugu da ƙari, duk da cewa kiɗan na rawa ne, maganar da ke ciki ba ta wasa ba ce. Bofou Safou suna ne da ake yi wa samarin da suka fi son rawa da yawo a kan neman sana'a, kuma waƙar nasiha ce gare su. Wato an jawo matashi filin rawa da kiɗan da yake so, sannan aka faɗa masa gaskiya a can. Femmes du monde yabo ce ga mata da wahalar da suke sha. Shi kansa sunan kundin, wanda ke nufin ruɗani, yana nuni ne da halin da Mali da ma duniya suka shiga. Idan mai karatu bai manta ba, a 2012 sojoji sun yi juyin mulki a Bamako, 'yan bindiga suka mamaye arewacin ƙasar, har suka hana kiɗa a garuruwa irin su Gao da Tumbuktu. Ga mutanen da aka taɓa hana makaɗansu taɓa jita, fitar da faifan rawa ba ƙaramar magana ba ce.

Ba a rasa masu ƙorafi ba. Akwai masu ganin cewa Turawan da ke shirya musu kiɗa sun lulluɓe asalin abin da kayan lantarki, kuma sun fi son Amadou na zamanin kaset, shi da jitarsa kawai. Wannan ra'ayi yana da hujjarsa, domin akwai wuraren da fiyano ya yi yawa har jita ta koma baya. Amma wanda ya san tarihin mutumin ya san bai taɓa zama makaɗin gargajiya zalla ba. Ko a Ingila an yi irin wannan muhawara a kan ƙungiyar New Order ta birnin Manchester, wadda ta taso daga kiɗan jita na bayan zamanin punk, ta shigo da gangar inji a waƙar Blue Monday ta 1983, kuma har a kundinta na Music Complete na 2015 ba ta saki ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Darasi ga makaɗanmu

Abin da ya sa muka ga ya dace mu kawo wannan labari a shafin Hausa shi ne, matsalar tamu ce. Tun ƙarshen shekarun 1990, musamman bayan fim ɗin Sangaya na 1999, fiyanon Yamaha ya mamaye situdiyoyin Kano. Yaro ɗaya da fiyano ɗaya yana fitar da sautin kalangu da algaita da sarewa, ya gama waƙa a yini guda, kuma kuɗin da za a biya shi bai kai na tara makaɗa biyar ba. Ba mu ce wannan laifi ne ba, domin dubban matasa sun samu abinci ta wannan hanya. Illar ita ce an sallami mai kalangun da mai kukumar gaba ɗaya, maimakon a ba su kujera kusa da mai fiyano. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos ya bi shi a 2015, to yara nawa ne a yau ke zaune gaban wani dattijo suna koyon kuntigi ko gurmi?

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma ana iya fita yawon duniya da gida a cikin aljihu, kamar yadda Amadou ya yi. A Yamai ma ƙungiyar Tal National, wadda ke waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da harshen Buzaye, ta nuna cewa jita da kalangu na iya tayar da matasa rawa, kamar yadda aka ji a kundinta na Tantabara na 2018. Abin da ya rage shi ne masu situdiyo su riƙa gayyatar masu kayan kiɗan hannu suna biyansu haƙƙinsu, mu kuma ma'aikatan rediyo mu riƙa ba irin wannan aiki fili a shirye-shiryenmu.

Akwai kuma darasi na biyu. A garuruwanmu da yawa, da zarar yaro ya makance sai a miƙa masa sanda da ƙoƙon bara, alhali mun ga abin da Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, ya bar wa Hausa. Makaranta ce ta haɗa Amadou da Mariam, ita ce kuma ta ba su dandalin farko. A ranar 8 ga Satumba, 2024, su ne suka yi waƙa a bikin rufe gasar wasannin naƙasassu ta duniya a Faris, a gaban dubban jama'a.

Watanni bakwai bayan haka, ranar 4 ga Afrilu, 2025, Allah Ya yi wa Amadou Bagayoko rasuwa a Bamako yana da shekara 70. Ya bar matarsa Mariam da 'ya'ya, da kuma waƙoƙin da suka faro daga kaset ɗin Maikano. Muna roƙon Allah Ya jiƙansa, Ya ba iyalinsa haƙurin rashi, mu kuma Ya sa mu gane darajar masu sana'ar hannu da ke cikinmu tun suna raye, amin.