Faransa: Shin dole ne a toshe ƙarƙashin rufin gidajen hayar talakawa?

A ƙasar Faransa akwai gidajen haya masu rangwame sama da miliyon 5, waɗanda ake kira HLM. Gwamnati ce ke tallafa wa gina su domin masu ƙaramin ƙarfi, ciki har da baƙi ƴan Afirka da yawa. Mazauna benen ƙarshe su suka fi shan wuya: da hunturu ɗari ya hana su barci, da bazara kuma ɗaki ya koma tanda.

Dalili kuwa shi ne rufi. Hukumar ADEME mai kula da makamashi ta ƙiyasta cewa tsohon gidan da ba a toshe ba yana asarar kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na ɗuminsa ta sama. Maganin shi ne a shimfiɗa audugar gilashi mai kauri a sararin da ke tsakanin rufi da saman ɗaki, ta tare sanyi, ta kuma tare zafi. Idan ba a manta ba, zafin watan Agusta na 2003 ya hallaka mutane wajen 15.000 a ƙasar, akasarinsu tsofaffi.

To, shin doka ta tilasta yin wannan aiki? Babu ayar da ta ce kowane tsohon gida sai an toshe rufinsa, amma an ɗaure masu gidaje ta hanya biyu. Ta farko, tun 2017 wanda zai sake aƙalla rabin rufin gininsa wajibi ne ya toshe shi a lokaci guda, sai fa in da wani uzurin da doka ta yarda da shi. Ta biyu, ana ba kowane gida maki daga A zuwa G gwargwadon makamashin da yake ci. Dokar sauyin yanayi ta 2021 ta hana ƙara kuɗin haya a gidaje masu zaman kansu na aji F da G daga Agustan 2022, ta kuma tsara a daina ba da hayar aji G daga 2025, F daga 2028, E daga 2034. Wannan wa'adin ya haɗa da HLM.

Ɗan hayar da aka bari cikin ɗari yana iya rubuta wa mai gida takarda. In ya yi kunnen ƙashi, alƙali na da ikon umartar sa ya yi gyara ko ya rage kuɗin haya. Abin lura shi ne, kafin gyaran ya zo, talaka ne ke biyan kuɗin wutar da ke tsiyayewa ta rufin wani.