GIDA KAN TAYA HUƊU: INJI AKE DUBAWA KAFIN GADO

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata irin ƙaramar mota wadda ake ƙera cikinta da gado, da murhu, da ma'ajiyar kwanoni, watau dai gida ne sukutum a kan taya huɗu. Magidanci yakan kwashi iyalinsa a cikinta lokacin hutu, inda duk dare ya yi musu nan ne masauki. Da yake sabuwa tana da ɗan karen tsada, akasarin jama'a ta hannu suke nema, to, a nan ne fa mutane da yawa kan yi asarar abin da suka daɗe suna tarawa, saboda labule da katifa sun ɗauke musu hankali daga duba inji.

Wadda ta fi suna a cikin irin waɗannan motoci ita ce Volkswagen Kombi, wadda mutanen Legas suka daɗe da sani da sunan danfo. A shekarar 1950 aka fara ƙera ta a Jamus, a 1951 kuma kamfanin Westfalia ya soma mayar da ita gidan tafi-da-gidanka. Ba a daina ƙera tsohon samfurinta ba sai a 2013, a ƙasar Brazil.

Injinta na asali a baya yake, ba shi da lagireto, iska ce ke sanyaya shi. Wannan ya sa gyaransa ba wuya, amma kuma zafi shi ne ajalinsa. Inji ne mai ƙarfin doki wajen 50 kawai, ga shi yana jan nauyin da ya kai tan 2, saboda haka kullum a wahale yake. A samfurin da aka yi kafin 1971, na'urar sanyaya baƙin mai takan tare wa silinda ta uku iska, har bawul ɗinta ya ƙone ya karye, inji ya buga. Bugu da ƙari, wannan inji ba shi da matatar baƙin mai sai 'yar rariya, man kuwa lita 2.5 ne kacal, shi ya sa aka ƙayyade a riƙa juye shi bayan kowace kilomita 5,000. Motar da mai ita ba ya da takardun shaidar ana yi mata haka, abar tsoro ce.

A 1982 kamfanin ya fito da sabon inji mai sanyaya da ruwa. Ya fi na da ƙarfi, amma shi ma da nasa ciwon: idan ba a sabunta ruwan maganin tsatsa a kan kari ba, sai kan injin ya lalace ta wajen gasket, ruwa ya riƙa tsiyaya.

Wani abin da ke ruɗin mai saye shi ne ƙarancin kilomita. Irin wannan mota takan yi watanni a ajiye, zama kuwa ba ya yi wa inji daɗi. Robobi sukan bushe su tsattsage, mai ya lalace a tanki, bel ɗin tayimin kuma, ga injin da ke da shi, shekaru ne ke cin sa ko da ba a yi tafiya ba. Ranar da ya tsinke, fistin da bawul sukan yi karo.

Saboda haka mai saye ya tafi da bakanikensa, ya kuma nemi a tayar da injin da sanyinsa, domin inji mai ɗumi yakan ɓoye laifinsa. Shuɗin hayaƙi alama ce ta inji na shan baƙin mai. Farin hayaƙin da ba ya yankewa, ko baƙin mai da ya koma kamar madara, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. A auna matsin kowace silinda, a girgiza fulin karanshaf a ji ko yana wasa, sa'an nan a hau tudu da motar a ga numfashinta.

Gado in ya karye kafinta ya gyara shi da yamma ɗaya. Inji kuwa in ya buga a tsakiyar daji, iyali ne za su kwana a bakin hanya, kuɗin gyaran kuma yakan lashe rangwamen da aka samu har ya ɗora bashi. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.