Kwaɗon da Ya Kai Nauyin Jariri

Yara, kun san kwaɗin nan da ke cika mana kunne da damina? To, a kogunan kudancin Kamaru da Ikwatoriyal Gini akwai wani da ake kira Goliyat. Jikinsa kan kai santimita 32, ban da ƙafafu, nauyinsa kuwa har ya ɗara kilo 3, kamar jariri sabon haihuwa. Duk girman nan, ba ya irin kukan da kuka sani.

Aikinsa ne ya fi burge ni. Yakan ture dutse mai nauyin kilo 2 ya gyara ɗan gurbi a bakin kogi, domin kada igiyar ruwa ta kwashe ƙwai. Ina takaicin yadda mafarauta ke kama shi saboda nama, har ya yi ƙaranci.