Nazarin Duniya da Nazarin Tsoffin Girkawa da Romawa a Jami'a

Ɗalibin da ya kammala sakandare a Agwada ko a Keffi yakan ji sunayen fannoni kamar likitanci da lauya da aikin injiniya. Amma akwai wasu fannoni biyu da ba a cika ambatonsu ba. Na farko shi ne nazarin tsoffin Girkawa da Romawa. Na biyu kuma shi ne nazarin al'amuran duniya. Kowannensu yakan ɗauki shekara huɗu kafin a sami digiri na farko.

Mai karatu zai iya tambaya: mene ne haɗinmu da mutanen da daularsu ta shuɗe tun da daɗewa? Amsar tana cikin littafin nan da ke hannunka. Baƙaƙen boko da muke rubuta Hausa da su na Romawa ne, in ban da irin su ɓ da ɗ da ƙ da aka ƙara domin dacewa da lafazin Hausa. Sunayen watanni ma daga gare su suka zo. Yuli sunan Yuliyas Kaisar ne, Agusta kuma na magajinsa ne, wato Augustus. Kalmar dimokuraɗiyya ta Girkanci ce, ma'anarta mulkin jama'a. Ita kuwa kalmar sanata ta samo asali ne daga wata kalmar Latin mai nufin tsoho. Ashe wanda ya raɗa wa majalisarsu suna Majalisar Dattawa bai yi kuskure ba.

Ba ta hannun Turawa kaɗai wannan ilimi ya iso mana ba. A zamanin daular Abbasiyawa an fassara littattafan Girkawa zuwa Larabci a Bagadaza. Ta wannan hanya ce ilimin manɗiƙi, wanda Aristotle ya kafa harsashinsa, ya shiga karatun malaman ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawa.

A Nijeriya, Jami'ar Ibadan ce cibiyar wannan fanni, tun lokacin da aka buɗe ta a matsayin kwaleji a 1948. Ɗalibi yakan fara da koyon harshen Latin da tsohon Girkanci. Wannan ne ɓangare mafi wuya, domin kalmomin harsunan biyu suna sauya siffa gwargwadon aikinsu a cikin jimla. Daga nan sai ya karanta tarihi da adabi da falsafa. Afirka ma tana da nata kaso a darasin, domin Romawa sun mulki arewacinta. Sarki Septimius Severus, wanda ya hau gadon mulkin Roma a shekarar 193, haifaffen ƙasar da a yau ake kira Libiya ne.

Nazarin al'amuran duniya sabon fanni ne. Yana duba yadda ciniki da ƙaura da yaƙi da sauyin yanayi suke haɗa ƙasashe. Ɗauki riɗin da ake nomawa a Jihar Nasarawa. Ana fitar da shi zuwa ƙasashe irin su Japan da Turkiyya da Sin, saboda haka farashinsa a kasuwar ƙauye ya danganta da buƙatar waɗannan ƙasashe da kuma darajar dala. Ɗalibin wannan fanni yakan kuma nazarci ƙungiyoyi irin su Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Nijeriya ta shiga a 1960, da ECOWAS, wadda aka kafa a Legas a 1975. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen kimiyyar siyasa da nazarin ƙasa da ƙasa. A Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, wadda ta fara aiki a 2002, ana koyar da tarihi da kimiyyar siyasa, kuma dukansu ƙofofi ne na shiga wannan nazari.

Fannonin biyu ba su yi nesa da juna ba. Har yau masu nazarin dangantakar ƙasashe suna karanta tarihin da Thucydides ya rubuta game da yaƙin Atina da Sparta, wanda aka fara shekara 431 kafin haihuwar Annabi Isa. Cif Emeka Anyaoku ma nazarin Girkawa da Romawa ya yi a Ibadan, daga baya ya zama Babban Sakataren Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila daga 1990 zuwa 2000.