Mai koyon walda da darasin tarihi, me ya haɗa su?

Ga rubutun shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau Amurka za mu leƙa, wajen kwalejojin al'umma, makarantun nan na shekara 2 da ake shiga bayan sakandare. Sun daɗe fa, ta Joliet da ke jihar Illinois tun 1901 take. A nan ake koyon walda, wayarin, kanikanci, gyaran AC da aikin jinya. Kuɗinsu bai kai na jami'a ba, shi ya sa 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ke tururuwa can.

To, ga inda rigimar take. Yaro ya je koyon walda, sai a ce dole ya ɗauki rubutun Turanci, da lissafi, da wani abu kamar tarihi. Shaidar shekara 2 ta masu sana'a, wadda suke kira AAS, kiredit wajen 60 ce. Hukumar SACSCOC mai tantance kwalejoji a jihohin kudu irin su Texas da Georgia ta ce aƙalla 15 daga ciki su zama na ilimin gama-gari. Kashi ɗaya cikin huɗu kenan, kwas wajen 5. Kuma sai an taɓa ɓangare uku: adabi ko zane-zane, ilimin zamantakewa, sai kimiyya ko lissafi. 'Yan poli, kun gane ai, GNS ɗinku ne a wata riga.

Ni dai ban ga laifin dokar ba, kuma ga dalilina. Wanda ba ya so yana da mafita, akwai gajeren satifiket na sana'a zalla, cikin shekara ko ƙasa da haka ya gama ya kama aiki. Amma ranar da ya ce zai wuce jami'a ya cike digiri, a nan zai ga bambanci. Sau da yawa jami'a ba ta lissafa kiredit ɗin walda ba, na Turanci da lissafin nan da ake raina su ne ke bin mutum. Ko a wurin aiki ma, wanda ya iya rubuta rahoto ya fitar da kiyasin kuɗin kwangila, shi ake ɗorawa a kan sauran.

Sai dai ɗaliban ma suna da gaskiyarsu. An daɗe ana yi wa sababbin shiga gwaji, wanda bai ci ba a tura shi ajin share fage. Zai biya kuɗi, zai ɓata zango ɗaya ko biyu, kuma ba kiredit ko ɗaya. Magidanci mai aiki da rana yana karatu da dare, ina zai kai? Da yawa a nan suke ajiyewa, alhali hannunsu ya iya aikin. Shi ya sa a 2017 California ta yi dokar AB 705, ta ce a riƙa duba sakamakon sakandaren ɗalibi, a daina jingina komai a kan gwajin rana ɗaya.

Wasu kwalejojin kuma lissafin sana'a suke koyarwa, da awon ƙarfe da ƙarfin lantarki. Ya fi shiga kai, wallahi. Amma a kula, shi ma ba kowace jami'a ke karɓarsa ba, don haka mai niyyar wucewa gaba ya tambaya tun kafin ya yi rajista.