Riyal mai shekarar 1780: jita-jita da gaskiyar darajarsa

Riyal ɗin Mariya Tereza, wanda wasu tsofaffi ke kira liyari, babban kuɗin azurfa ne da ake yawan tsinta a akwatin gado ko a jikin tsohuwar sarƙar wuya. A fuska ɗaya akwai hoton mace mai lulluɓi, a ɗaya fuskar gaggafa mai kai biyu da shekarar 1780. Da yawa suna ɗaukarsa lambar yabo ce ta wani sarki. Ba haka ba ne. Kuɗin ciniki ne na ƙasar Ostiriya, matar kuwa ita ce Mariya Tereza, wadda ta yi mulki daga 1740 har rasuwarta a 1780.

Jita-jitar da ta fi yaɗuwa ita ce duk riyal mai wannan shekara ya haura shekara 240 a duniya, don haka kuɗinsa ya kai miliyoyi. A nan ne aka fi yin asara. Bayan rasuwar sarauniyar, 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da Sudan sun riga sun amince da wannan kuɗi, ba sa karɓar wanda aka sauya wa kama. Sai aka ci gaba da buga shi da hoto ɗaya da shekara ɗaya. Ostiriya ta daina amfani da shi a matsayin kuɗin ƙasa a 1858, amma bugu bai tsaya ba. A ƙarni na ashirin an buga shi a Rum da Landan da Birmingham da Faris da Bombay, kuma gidan buga kuɗi na Biyana yana buga shi har yau da 1780 ɗin nan. Adadin da aka buga ya wuce miliyan 300. Saboda haka riyal ɗin da ke hannun mutum zai iya zama ɗan shekara 200, zai iya zama ɗan shekara 20, shekarar da ke jikinsa ba ta bambance su.

Maganar cewa ya yi zamani a ƙasar Hausa gaskiya ce. Fatake sun shigo da shi ta hanyar Sahara, kuma Heinrich Barth, wanda ya ziyarci Kano a 1851, ya tarar ana canza shi a kan wuri 2,500. Maƙeran fari sun narkar da shi da yawa don yin munduwa da zobe.

Cewa azurfa ce zalla kuwa, akwai gyara. Nauyinsa giram 28 da ɗan ɗoriya ne, kashi 833 cikin 1,000 azurfa, sauran jan ƙarfe ne da ke ƙara masa ƙwari. Azurfar da ke ciki ta kai giram 23.4, faɗinsa kuma wajen milimita 40. Ga yawancin riyal, darajar ita ce kuɗin wannan azurfa a farashin ranar, da ɗan abin da mai saye ya ɗora. Babu zaiba a cikinsa, babu wani ɓoyayyen sinadari da Turawa ke nema. Wanda ya zo da irin wannan labari, yana neman a ba shi kuɗin gwaji ko na haɗa mai kaya da mai saye, ɗan damfara ne.

Gwajin maganaɗisu rabin gaskiya ne. Azurfa ba ta manne wa maganaɗisu, don haka wanda ya manne jabu ne. Sai dai tagulla da darma su ma ba sa mannewa, rashin mannewa bai tabbatar da komai ba. Ma'aunin maƙeri ya fi amfani: idan nauyi ya yi nisa da giram 28, akwai alamar tambaya. Na gaskiya yana da rubutu a bakinsa na kewaye, kalmomin Latin masu ma'anar adalci da rangwame. Wanda aka zuba a kwami yakan zo da rubutu a dushe, da ƙananan ramuka, wani lokaci da layin haɗi a gefe, kuma idan aka ƙwanƙwasa shi ba ya yin doguwar ƙara irin ta azurfa. Baƙin da yake yi ba shaidar jabu ba ce, haka azurfa take yi idan ta daɗe a iska.

Akwai riyal masu tsada da gaske. Su ne waɗanda ke ɗauke da shekarun da suka gabaci 1780, tun da an fara buga kuɗin sarauniyar a 1741, da kuma bugun farko-farko da masana ke ganewa ta ƙananan alamomi, kamar haruffan da ke ƙarƙashin hoton da siffar alamar X ɗin da ke bayan shekarar. Irin waɗannan ba su da yawa, kuma lafiyar jikinsu ce ke yanke farashi. Goge su da toka ko lemun tsami yana rage musu daraja a wurin masu tara tsofaffin kuɗi. Wanda aka huda ko aka liƙa wa kunne don ratayawa, galibi kuɗin azurfarsa kawai ake biya.